Numfashin Fanka

Shekara talatin da huɗu Injiniya ya yi yana aiki a gidan baje kolin fasaha, kuma ba a taɓa ɗaukar hotonsa a ciki ba ko sau ɗaya. Kada sunan ya ruɗe ku, ba injiniya ba ne. Mai gyaran lantarki ne da ya koyi sana'a a hannun kawunsa. Abokan aiki suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya riƙe abinsa har tsufa. Gajere ne kakkaura, yatsunsa duk tabon ƙuna, kuma har bayan ya yi ritaya ba ya fita sai da testar gwada wuta a aljihun gaba, ko da kuwa ta'aziyya za shi.

A zamanin da ya kama aiki, masu fasaha sun gaji da rataye zane a bango. Kowa so yake abinsa ya motsa. Wannan ya kawo ƙarfe mai lilo, wancan ya kawo kwalabe masu kunna kansu suna kashewa, wani ya zo da zare dubu da iska ke kaɗawa a gaban fitila. Sai su zana a takarda, su yi bayani da hannu, su tafi shan shayi. Injiniya ne zai shiga bayan bangon katako, cikin ƙura da saƙar gizo-gizo, ya ja waya, ya ɗaura bel, ya sa abin ya yi rai. Ranar buɗewa kuma a ce ya fita ta ƙofar baya, saboda kayansa da baƙin mai.

Mafi girma cikin abubuwan da suka bi ta hannunsa wata da'irar ƙarfe ce, kamar ƙafar keke amma ta fi tsawon mutum, an jera mata ƙananan madubai sittin. Fitilu uku ke haska ta, ja da shuɗi da fari. In tana juyawa sai haske ya tarwatse a ɗakin, ya hau bango, ya bi rufi, ya sauko kan fuskokin masu kallo. Wanda ya ƙera ta, wani siririn mutum da ma'aikata ke kira Mai Madubai, ya sa mata wani dogon suna da babu mai iya riƙewa. Su dai Fanka suke ce mata.

Mai goge madubin Fanka shi ne Dogo, ƙanin matar Injiniya. Injiniya ne da kansa ya samo masa aikin, bayan matarsa ta yi wata uku tana yi masa naci. Dogo bai san jar waya daga baƙa ba. Abin da Allah ya ba shi tsawo ne, da fararen haƙora, da bakin da ba ya gajiya. Tsumma ɗaya da kwalbar ruwan goge gilashi su ne duk kayan aikinsa, amma in ka ga yadda yake saɓa tsumman a kafaɗa sai ka rantse shi ne mai gidan.

Shekaru suka tafi. Mai Madubai ya rasu, aka kwance Fanka, ƙarafanta suka ɓace a wani kwashe-kwashe, su biyun suka yi ritaya. Injiniya ya koma gyaran dutsen guga da rediyon maƙwabta a ƙofar gida. Da haka rayuwarsa za ta ƙare lafiya lau, ba don Malama ba.

Malama ita ce mai kula da ma'ajiyar gidan, mace mai gilashi da ba ta barin takarda ta wuce ta ba ta karanta ba. Ita ta buɗe wani ɗaki a ƙarƙashin bene ta tarar da gwangwanayen fim goma sha ɗaya, sun yi tsatsa, suna warin tsami. Aka wanke waɗanda za su wanku, aka zuba su a kwamfuta, sannan ta aika wa tsofaffin ma'aikata takardar gayyata su zo kallo wata safiya. Injiniya ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi da matarsa, yana ta ba ta labari a hanya cewa yau za ta ga aikin da ya cinye ƙuruciyarsa.

Fim ɗin ba shi da sauti, kuma launinsa ya koɗe ya koma ja-ja. Aka ga ƙarfe mai lilo, aka ga kwalabe, Injiniya yana zungurin matarsa yana cewa, "Ni na haɗa wannan. Wancan ma ni ne." Sai ga Fanka ta cika allo, tana juyawa a hankali, haske yana zuba. A gefenta na dama kuwa, jingine da bango, wani dogon saurayi ne tsaye da tsumma a kafaɗa, ja da shuɗi suna wucewa ta fuskarsa, yana murmushi kamar ango.

"Wayyo Allah, Dogo ne!" matar Injiniya ta faɗa da ƙarfi, ta miƙe tsaye. "Ku duba min ɗan'uwana! Kai, ashe haka kake da kyau?"

Aka yi tafi. Dogo, wanda yanzu furfura ta cinye shi, ya tashi ya rusuna hagu da dama. Minti huɗu fim ɗin Fanka ya yi, kuma minti huɗun nan Dogo bai gusa daga wurin ba. Injiniya ya zauna da hannuwa a kan gwiwa yana jiran ko gefen kunnensa ya bayyana. Har aka kunna fitilar ɗaki bai ga komai ba.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Aka buga hoton Dogo a babban allo a ƙofar gidan baje kolin. Jikoki suka sa shi a wayoyinsu suna nuna wa abokai, wai kakansu ɗan fim ne. Jikokin Injiniya fa, na cikinsa! Matarsa ta sa aka wanko hoton ta rataye a falo, daidai inda idonsa ke sauka in ya zauna cin abinci. Ya ce ƙusar ba ta da ƙarfi, ta ce ta riƙe agogo shekara ashirin. Ya ce hoton ya karkace, ta ce idonsa ne ya karkace.

"Wai kishi kake da Dogo, Baban yara?" ta tambaye shi wata rana.

"Ni? Da mai tsumma? Allah ya kiyaye. Kawai dai ina mamakin duniya ne. Wani ya riƙe ƙaho, wani na tatsa."

"To ai ba shi ya ce a ɗauke shi ba."

"Ba ki san ƙaninki ba ke nan. In ya ga kyamara, ko jana'iza ake sai ya leƙa."

Kishi yake, kuma kishi mai cin rai. Da safe ya tashi da shi, ya kai shi wurin gyaran rediyo, ya dawo da shi. Abin da ya fi ƙona masa zuciya shi ne ya san inda yake a cikin minti huɗun nan, kuma ba ya iya faɗa.

Ga abin da ya faru ranar. Mai Madubai ya yi tafiya, sai masu ɗaukar fim suka zo da manyan fitilunsu guda huɗu suna neman inda za su jona. Injiniya, don ya nuna shi ma wani ne, ya ce su kawo, ya haɗa musu a layi ɗaya da injin Fanka. Alhali mako guda kafin nan fiyus ɗin layin ya ƙone, shi kuma maimakon ya nemo sabo, ya ɗaure shi da jar waya mai kauri, irin dabarar da kawunsa ya sha dukansa a kanta. Da wuta ta yi wa layin yawa, fiyus bai yanke ba. Injin Fanka ne ya yi zafi, ya yi wari, ya mutu, ana saura ƙiris a fara ɗauka. Da shugaban gidan ya sani, ranar Injiniya zai kwashe kayansa, ga shi matarsa da tsohon ciki.

Sai ya faɗa bayan bango ta wata 'yar ƙofa, ya zare bel, ya kafa babbar sifana a kan sandar da ke juya Fanka, ya shiga murzawa da hannu. Wurin matsattse ne, akwai wani gungumen katako da ya tokare bangon. Duk zagaye ɗaya, in sifana ta zo daidai katakon, dole ya saki da dama ya cafe da hagu. Nan Fanka take ɗan tsayawa, kamar ƙiftawar ido, sannan ta ci gaba. Haka ya yi ta yi, gumi yana shiga masa ido, har aka ce an gama. Washegari ya sa wani injin da ya ciro daga tsohuwar na'ura, babu wanda ya ji labari. Shekara arba'in ko matarsa bai gaya wa ba.

To, wannan 'yar tsayawar ita ta zama abin magana. Gidan ya yanke shawarar sake ƙera Fanka, kuma tunda babu zane babu ƙarfe, fim ɗin kaɗai ne madogara. Masana suka zauna suna kallonsa hoto bayan hoto. Suka ƙirga madubai, suka auna saurin juyawa, suka gano cewa a kowane zagaye tana ɗan dakatawa a wuri guda. Nan fa suka rikice da murna. Wani ya rubuta shafi tara a kai. Aka shirya taro, aka ɗora Dogo a kan kujera a gaban jama'a da makirfo a hannu, aka tambaye shi ko Mai Madubai ya taɓa yin maganar wannan tsayawa.

Dogo ya gyara zama, ya dubi rufi. "Ya taɓa," in ji shi. "Wata rana ina goge madubi ya dafa kafaɗata ya ce, Dogo, duk abin da ke da rai sai ya yi numfashi. Wannan numfashinta ne."

Jama'a suka yi ajiyar zuciya. Wata mata a layin gaba har da share hawaye. Injiniya yana layi na bakwai, ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Hoton ya haƙura, falon ya haƙura, jikokin ma ya haƙura. Amma kafaɗarsa? Hannunsa na dama da na hagu? Abu ɗaya tak da ya bari a duniya wanda masana ke rubuta shafi tara a kansa, shi ne mai tsumma zai ɗauka ya miƙa wa mamaci, ya kuma samu tafi a kan kyautar? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A zuciyarsa ya ce yau ƙarya ta ƙare.

Kwana biyu ya yi yana saƙawa yana kwancewa, domin faɗin gaskiyar yana nufin ya tona wa kansa asiri, ya ce shi ne gwanin da ya ɗaure fiyus da jar waya. A rana ta uku kishi ya rinjayi kunya. Ya ɗauki tsohuwar sifanarsa ya nannaɗe a jarida, ya tafi ofishin Malama.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Numfashin nan da kuke ta magana na zo in nuna miki mai shi."

Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, sai rubutu take. Da ya gama ta ce, "Baba, ba ƙaryata ka nake ba, amma aikina ba ya karɓar magana sai da shaida."

"Ina sabuwar Fankar take?" in ji shi.

Ta kai shi ɗakin da maƙera ke aiki. Sabuwar Fanka tana tsaye, an ɗaura rabin madubanta, wani mai kwamfuta yana ta fama ya koya wa inji yadda zai riƙa tsayawa. Injiniya ya sa aka zare bel, ya sa wani ya riƙe katako a inda tsohon gungumen yake, ya kafa sifana. Malama ta kunna fim ɗin a gefe. Tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya ya tuɓe rigarsa mai kyau ya shiga murzawa. Dama, saki, hagu. Dama, saki, hagu. Fanka ta allo da Fanka ta ɗaki suka riƙa tsayawa tare suna tashi tare, kamar masu daka a turmi ɗaya. Mai kwamfuta ya saki baki. Malama ta cire gilashinta ta goge, ta mayar.

"Baba," ta ce a hankali, "kai ne."

Rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun haihuwar ɗansa na fari. A hanya ya sayi lemo ya raba wa mutanen da bai sani ba. Ya isa gida ya zaunar da matarsa ya ba ta labari tun daga fiyus, yana yi yana kallon hoton falo da gefen ido.

Bayan kwana biyu Dogo ya zo. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya tsaya a bakin teburin gyaran rediyo.

"Yaya, me ya kai ka?"

"Gaskiya ta kai ni. Ko ta yi maka ɗaci ne? Numfashi! Yaushe Mai Madubai ya taɓa sanin sunanka, balle ya dafa kafaɗarka?"

"Bai taɓa ba. Ni na ƙirƙira."

"To madalla, ka faɗa da bakinka."

"Yaya, ka taɓa tambayar kanka me ya sa na tsaya wuri ɗaya minti huɗu kamar an dasa ni? Ni da ba na iya zama?" Dogo ya nuna ƙasa. "Ƙofar nan ba ta rufu ba. Ƙafarka tana waje, da takalminka mai yagaggen baki. Shugaba yana tsaye bayan mai kyamara. Na ji warin injin, na ga ƙafa, na ce in aka ga wannan, yayata za ta haihu a titi. Shi ne na je na tsaya a gabanta ina washe baki. Har taka ka na yi, ba ka ji ba?"

Injiniya ya tuna. An taka shi ranar, ya ɗauka wani sakarai ne daga masu fim.

"Da suka tambaye ni a taro, me kake so in ce? In ce surukina ya ƙona musu inji? Na ce numfashi ne don su bar shi yadda yake, su zuba shi a sabuwar, ya yi ta yi har bayan ranmu. Ni da kai mun san na wane ne. Bai isa ba?"

Mutumin kirki a nan zai tashi ya rungumi ƙanin matarsa. Injiniya bai tashi ba. Ya ji kunya, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin kunyar wani sabon kishin ne ya taso, wanda ya fi na farko muni: ashe ba a hoto kaɗai Dogo ya riga shi ba, har a alheri ma ya riga shi, kuma shekara arba'in yana riƙe da shi bai taɓa goranta masa ba. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Wa ya aike ka?"

Dogo ya dube shi, ya girgiza kai, ya shiga ciki gaida yayarsa.

Aka buɗe baje kolin wata biyu bayan haka, da hantsi. Wannan karon ta ƙofar gaba Injiniya ya shiga, Malama da kanta ta tarbe shi ta riƙe masa hannu. Ta kai shi gaban wani ɗan allo a bango, ta karanta masa. Sunansa na nan, cikakke, an rubuta daidai. Allon ya ce tsayawar da ake gani a tsohon fim ba ta cikin nufin mai aikin. Inji ne ya lalace ranar ɗauka sakamakon kuskuren haɗa wuta, mai gyaran lantarki na gidan ya juya ta da hannu.

"Mun gode maka, Baba," in ji Malama, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. "Ba don kai ba da mun saka kuskure a aikin mutum muna cewa nasa ne. Kwamiti ya zauna, an cire tsayawar. Yanzu tana tafiya yadda ya so ta."

"An cire?"

"Gaba ɗaya. Shiga ka gani."

Ɗakin cike yake da mutane. Fanka tana juyawa, sabuwa fil, madubai sittin suna watsa ja da shuɗi da fari a bango da rufi. Kyakkyawa ce, babu mai musu. Injinta ko ƙara ba ya yi. Injiniya ya tsaya a tsakiyar jama'a, idonsa a kan madubi ɗaya yana bin sa. Da madubin ya zo daidai wurin, kafaɗarsa ta dama ta motsa da kanta. Fanka ba ta jira shi ba, ta wuce sumul.

Matarsa ta matso kusa da shi. Tun da safe take gaya wa maƙwabta cewa yau za ta ga aikin maigidanta, kuma ba ta tsaya wurin allon ba, don karatu ba ya gabanta in akwai abin kallo.

"Kai, abin da kyau," ta ce, haske yana wucewa ta fuskarta. "To nuna min naka ɗin, Baban yara. A ina take yin numfashin?"

Ya ɗaga hannu zai nuna. Fanka ta zagayo ta wuce. Ya bar hannun a sama ya jira zagaye na biyu, shi ma ya wuce. A na uku ya sauke hannunsa.